Furar da Ban Sha Ba

Tun da na dawo daga ƙauyenmu kun hana ni sakat. In na zo nan fada, wurin hirarmu, in zauna, wannan ya ce, "Lawali, yaya hanya?" wancan ya ce, "Ina tsarabar sabon hatsi?" Shi kuwa Ila mai dafa mana shayi kullum sai ya miƙo mini kofi, alhali ya san sarai na daina sha, don dai ya ga na haɗe rai ya yi dariya. To ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya makara ya tambayi na kusa da shi, don labarin ba mai daɗin maimaitawa ba ne.

Kun san yadda abin ya faro. Tun farkon damina nake ramewa, ruwa ba ya kashe mini ƙishi, fitsari kuwa ba dare ba rana. Kuna ta tsokanata wai tunanin farashin wake ne ke cin jikina. Da matata Mariyama ta matsa na je likita, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya soki yatsana, ya dubi 'yar na'urarsa, ya dube ni, ya ce ciwon sukari ne. Ya rubuta mini ƙwaya, ya sa na sayi irin na'urarsa a farmasi, 'yar baƙa da ba ta cika tafin hannu ba, da allurai, da 'yan tsinkayen da ake ɗiga jini a kansu, waɗanda yake kira bandalet. Ya koya mini yadda ake yi: in wanke hannu ya bushe, in soki gefen yatsa, in ɗiga jini, in jira lamba ta fito. Kowace safiya kafin in sa komai a baki, da kuma duk lokacin da na ji jikina wani iri. Ya ce in lambar ta yi ƙasa da saba'in in nemi abu mai zaƙi nan take, in kuma ta haura ɗari biyu ta ƙi saukowa in dawo wurinsa. Sai ya zo kan abinci. Sukarin shayi, ya ce a bari. Na ce to. Lemun kwalba, na ce to. Fura, ya ce in nisance ta tukuna har lambar ta sauko. Nan ne ban ce to ba.

Ku ba ku san matsayin fura a gidanmu ba. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ido da ido ba. In za ta yi maganata sai ta ce "wancan na Tasawa". Nan gari yanzu kuna ganin uwa ta tari ɗan farinta a tasha har da rungume-rungume, mu can har yau kunyar tana nan daram. Abin da Inna take da shi kawai fura ce. Akwai ƙwarya da ludayi da ta ware mini tun ina saurayi, suna rataye a ɗakinta, ba mai taɓa su. Duk ranar da na sauka ita da kanta take dama mini, ko tana zazzaɓi, ta ba ƙanwata Barira ta kawo. In na shanye na mayar da ƙwaryar wayam, to mun gaisa ke nan, ta tambayi lafiyata na amsa mata.

Barira ce ta kira ni a waya ta ce Inna ba ta jin daɗi, ƙarfinta ya ragu, idonta na hazo. Na ƙudura abu biyu: zan je, kuma Inna ba za ta san da ciwona ba. Tsohuwar da ke fama da nata, in ɗora mata nawa? Mariyama ta ce, "To furar fa?" Na ce zan san dabarar da zan yi. Wallahi ba ni da dabara ko ɗaya.

Ranar tafiya na sha ƙwayata da sassafe na nufi tasha. Duk abin da ake sayarwa a nan sai na ga kamar guba ne: ƙosai, fanke, kunu, burodi. Sabon shiga ciwo ya fi kowa tsoro, sai na hau motar Mayahi da cikina fayau. Aka danna mu ciki, awaki a sama suna kuka, wata mata ta ɗora mini buhun tattasai a gwiwa ba ko sannu. A shingen jandarma aka ce kowa ya fito da katinsa. Wani ya ga 'yar jakata ya ce in buɗe. Da ya ga na'urar sai ya ce, "Babana ma na da irinta. Allah ya ba da lafiya, Alhaji." Ya miƙo mini da hannu biyu. Shi da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya gama tona mini asiri, don duk motar ta ji.

Kai, ban san ƙasar nan cike take da likitoci ba sai ranar. Mai tattasai ta ce in jiƙa ganyen dogon yaro in riƙa sha. Wani ya ce garin hulba. Wani na bayana ya rantse ba abin da ya kai fitsarin raƙumi. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya fara ba da labarin maƙwabcinsa da aka yanke wa ƙafa, tun daga yatsa har gwiwa, bai tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Ina cewa na gode, a raina ina cewa Allah ya ɗaure bakunanku.

An yi ruwa da daddare, hanyar ta jiƙe. Kusa da gulbi motar ta kafe, direba ya ce maza su sauka a tura. Na sauka don kada a ce na ji tsoro. Ban tura da yawa ba na ji zufa mai sanyi ta karyo mini, idona na ganin duhu-duhu. Na ja jiki na zauna a gindin wata aduwa. Wani dattijo Buzu da muke mota ɗaya, wanda tun daga Tasawa bai ce uffan ba, ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Auna," ya ce.

Na ɓata bandalet ɗaya saboda rawar hannu. A na biyu lambar ta fito, ƙasa da saba'in. Dattijon ya kwance 'yar jakar kayan shayinsa, ya ciro dunƙulen sukari ya miƙo mini.

"Baba, ai shi ne ciwona," na ce.

"Na sani. Yau kuma shi ne maganinka. Tsotsa."

Na tsotsa. Can sai duniya ta dawo daidai. Ya gutsuro mini biskit na ci, ya ce sunansa Agali, matarsa ta yi shekaru da irin wannan ciwo, shi ya sa ya gane. Na ce tana ina yanzu. Ya ce ta riga mu gidan gaskiya. Ya gyara rawaninsa, sannan ya ce, "Ka sha ƙwaya ba ka ci komai ba, ko? Kada ka sake. Kuma duk inda ka sauka ka gaya wa na kusa da kai. In ka faɗi, wa zai san abin da zai ba ka?" Na ce to, kamar yadda nake ce wa majo.

A Mayahi na ci gasasshen nama da kwaɗon zogale, na nemi ɗan kabu-kabu zuwa Gidan Amumune. Ya so ya ɗaure jakata kusa da inji, na ce a'a, majo ya ce zafi na lalata bandalet. Haka na rungume ta a ƙirji kamar jariri, muna ta tsalle a ramuka. A can na kwana a zauren Mamman, dillalin da ke saya mini wake. Sauron gidansa ya fi waken da yake kawo mini girma. Matarsa ta aiko da tuwon hatsi da fura, na ci tuwon na ce cikina ba ya son fura yau. Da safe na auna, lambar ta yi sama, don tuwon ma na ci shi da yunwar hanya. Na zauna ina kallon na'urar ina jin haushinta. Jiya ta ce na yi kaɗan, yau ta ce na yi yawa.

Daga nan amalanken shanu na bi, tsakanin gonaki, hatsi ya fi mutum tsawo ya fara nuna. Na isa gida da hantsi. Aka yi ta barka da zuwa, amma na lura duk wanda ya gaishe ni sai ya ƙara duban wuyana da rigar da ta yi mini yawa. Na durƙusa daga nesa na gaida Inna. Tana zaune a bakin sabon ɗakin kwano da na gina mata bara, lokacin da wake ya yi mini albarka. Ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Ta rame ƙwarai, ƙafarta ɗaya naɗe da tsumma.

Ban gama cire takalmi ba sai ga Barira da ƙwaryata. Fura mai kauri, da nonon shanu sabo, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Na ce hanya ta ɓata mini ciki. Ƙwarya ta koma cike. Barira ta dube ni ta dubi ƙwaryar.

Washegari na kasa daurewa. Na ce bari in sha rabi in ga. Na sha, wallahi har hawaye ya zo mini don daɗi. Da aka jima na laɓe na auna, lambar da na gani ta wuce inda majo ya ce in dawo wurinsa. Na wuni da ƙishi da kasala. Daga ranar sai na koma dabarar banza: in Barira ta kawo, in faki ido in zuba wa akuya a bayan ɗaki, in mayar da ƙwarya wayam. Dabarar ba ta daɗe ba. Wata rana akuyar ta fito da gemunta fari fat, ta bi ta tsakar gida a hankali, ta wuce ta gaban Inna tana lasar baki. Idon Inna na hazo, amma bai kai haka ba.

Ga kuma awon safe. Nan Tasawa mutum ya rufe ƙofarsa ya yi abin da zai yi. A ƙauye ba inda za ka tsaya ido bai same ka ba. Bayan sallar asuba sai in zagaya bayan rumbu, in tsuguna, in soki yatsa, in ɗiga wa na'ura jini, ta yi ɗan kukanta, fuskarta ta yi haske. Ina tsammanin ni kaɗai ne. Ashe matan da ke sammakon zuwa rijiya ta nan suke bi.

Sai na ga gari ya fara canja mini. Mata na janye 'ya'yansu in na doso. A masallaci na kusa da ni ya bar ɗan fili a tsakaninmu. Ƙwarya ta daina zuwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ga an kwashe tabarmar Inna da kwallayenta daga ɗakin kwano an mayar tsohon ɗakinta na ƙasa, mai yoyo. Na tambayi Barira dalili, ta ce, "Yaya, ka tambayi Kawu."

Ban kai ga tambaya ba. Kawu Ɗan Jimma, ƙanen Inna, ya tare ni da safe muna fitowa daga masallaci, ya ja ni gindin bishiyar bedi ya ce in zauna.

"Lawali, mi ka ɗauko?"

"Kamar yaya, Kawu?"

"Kada ka maishe ni yaro. Bara ka yi arzikin wake, bana ka koma ƙashi da fata. Ka ƙi hurar uwarka ka ba akuya. An gan ka bayan rumbu kana ba wani baƙin abu jininka, yana kuka yana buɗe ido. Ba mutum guda ya gani ba. Wane boka ya haɗa ka da shi? In abin ga ya gama da jininka, na wa zai nema?"

Da farko raina ne ya ɓaci, har na miƙe tsaye. Ni da nake tashi tun duhu ina auna wake tiya-tiya, yau ni ne mai kuɗin jini?

"Zauna," Kawu ya ce. "Uwarka ta ce ba ta ƙara kwana ƙarƙashin kwanon da aka saya da jinin ɗiyanta. Ba ta barci. Kuma ka san ba ta iya tambayarka."

Ni ina ɓoye mata ciwo don kada hankalinta ya tashi, ita kuwa tana kwance a ɗaki mai yoyo tana tunanin na sayar da raina.

Na ɗauko jakata na tafi har bakin ƙofar Inna na zauna, kusa fiye da yadda na taɓa zama. Kawu ya tsaya a kaina, Barira ta ajiye taɓarya ta matso. Na ce, "Barira, gaya wa Inna ta duba." Na wanke hannu, na soki yatsa, na ɗiga jini, na'urar ta yi kukanta. Kawu ya ja da baya yana a'uzubillahi. Na bayyana musu komai, daga majo har Agali da dunƙulen sukarinsa.

Inna tana kallon bango. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ciwo ne?"

"Ciwo ne, Inna."

"Na likita?"

"Na likita."

"Alhamdu lillahi," ta ce. Ta sake faɗa, ta sake faɗa, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Ban taɓa jin an gode wa Allah a kan ciwo da irin wannan murya ba.

Da a nan labarin ya ƙare da na ba ku shi tuntuni kun yi dariya. Amma Kawu ya zauna ya ce, to yaya mutum ke gane yana da shi? Na fara lissafa masa: ƙishin da ba ya mutuwa, yawan fitsari, rama, hazon ido, miki ya ƙi warkewa. Ina faɗa ina ganin fuskar Barira na canjawa. Ta ce a hankali, "Yaya, Inna da tulu take kwana a gefenta. Kuma inda ta zaga, kiyashi ke taruwa. Ƙayar da ta soke ta tun lokacin shuka, har yau wurin bai rufe ba."

Inna ba ta karya kumallo ba tukuna. Na sa sabuwar allura, Barira ta wanke mata hannu. Sai ga shi dole in riƙe hannun Inna. Rabona da hannun nan tun ban yi wayo ba. Ya bushe, ya yi kaushi, duk kanta ce ta taɓarya. Na soka, ko motsi ba ta yi ba. Lambar ta fito ɗari uku da wani abu. Ta fi tawa ranar da majo ya fara auna ni.

"Mi ya ce?" Inna ta tambayi Barira.

Na so in ce ba komai. Amma na ga inda ɓoyo ya kai mu. Na ce, "Irin nawa ne, Inna."

Ta janye hannunta. Sannan ta ce, "Ashe ni na ba shi ciwon."

Na ce ciwo na Allah ne. Kawu ma ya ce haka.

Na roƙe ta, ta bakin Barira, ta bakin Kawu, har da bakina, ta biyo ni Tasawa. Ta ce hatsi na gona ba a yanke ba, ba inda za ta sai bayan girbi. Na ce to ta rage fura. Ta ce wa Barira, "Tambaye shi, ni da ba ni da haƙora, in an hana ni hura mi zan ci?" Abin da na samu kawai ta yarda muka ɗora ta a amalanke zuwa likitan Gidan Amumune, ɗan ƙaramin asibitinsu. Suka wanke mikin, suka ba ta ƙwaya, suka ce ƙafar nan tana son babban asibiti, kada a jinkirta. Ta ce ta ji, bayan girbi.

Na yi tunanin bar musu na'urar. Amma Barira ba ta yi lakwal ba, wato boko, lambobin ba ta gane su, ga bandalet ya kusa ƙarewa, don waɗanda jiya ke janye 'ya'yansu daga gare ni yau su ne ke layi suna miƙo yatsa a auna su. Na auna Kawu da Barira, sauran na ba su haƙuri, wasu suka tafi suna cewa na yi rowa. Inna dai ta koma ɗakin kwano, wannan kaɗai na ci riba.

Ranar da zan taho, na durƙusa na yi mata sallama, ta ce Allah ya kiyaye hanya tana kallon gefe. Barira ta raka ni bakin amalanke da ƙunshi a hannu. Kullum in zan taho dawon fura Inna ke ƙunsa mini na guzuri. Na karɓa na ji ba nauyi. Na kwance bakin zanen. Ƙwaryata ce da ludayina, an cika ƙwaryar da busasshen zogale.

"Inna ta ce ka tahi da ita," Barira ta ce. "Ta ce ba ta iya ganinta a rataye."

Haka na rungumo ta har Tasawa, ita a hannu ɗaya, jakar na'ura a ɗayan.

Yanzu lambata tana saukowa. Majo ya ce na yi ƙoƙari, ku ma kuna cewa na fara mayar da jiki. Amma kowace safiya in na'urar ta yi kukanta, na san a daidai lokacin Barira na dakan furar Inna. Ƙwaryar tana can rataye a ɗakina, Mariyama ta so ta zuba wani abu a ciki na hana. Jiya Barira ta kira ta ce yatsan ƙafar Inna ya fara yin baƙi, Inna kuma ta ce hatsi bai gama bushewa ba.

Kun ji yadda hanya take. Ila, don Allah ɗauke kofin nan daga gabana.